Burul da Karen da Mijinta Ya Bari

Shekara talatin da ɗaya Burul ta yi tana dafa wa 'yan makaranta abinci a garinmu, nan bakin tafkin Isik-Kul. Tsayuwa a gaban tukunya ta cinye mata gwiwoyi. Ranar da ta ajiye aiki ta leƙo ta katangar da ta raba gidana da nata, ta ce daga yau sai zama, sai shayi.

Ba a yi wata takwas ba mijinta Sagin ya faɗi a gonar dankali, bai sake tashi ba. Ya bar mata gida, da doki, da Aktosh, karen farautarsa, wani dogo siriri da ya saba bin doki kan tsauni tun safe har la'asar. Dokin ta ba Kubat, ƙanin mijin, mai kiwon tumaki. Karen kuwa ta ce ba inda zai je.

"Burul-eje, wannan fa ba karen tsakar gida ba ne," na ce mata, da eje ɗin da muke kiran babbar yaya da shi.

"Ni ma ba matar tsere ba ce. Sai mu yi haƙuri da juna."

Aktosh dai bai yi haƙuri ba. A mako guda ya tone mata albasa, ya yage bargon da ta shanya, ya kashe min kaji biyu. 'Yarta Nazira, da ke aiki a Mosko, ta buga wa uwar waya ta ce, "Apa, ba mugunta ba ce, gudu yake nema. Ki riƙa jefa masa ƙwallo."

Burul ta sayi ƙwallo. Takan hau ɗan tudun bayan gari tana dafa gwiwa, ta jefa gangare. Sau biyu yake ɗaukowa, na uku ya tsaya yana kallonta kamar ta raina masa hankali. Nazira ta ce to a gwada ninƙaya. Ta kai shi tafki da doguwar igiya, ya fizge ta har ruwa ya kai mata ƙugu, ta yi kwana tara tana tari. Aka ce ta ɓoye ƙashi a wurare ya nema. Kafin ta zauna ya tono duka, ya haɗa da tushen itacen tuffa.

Na tuna yadda maharba ke yi, su ɗaura fatar dila a igiya, mahayi ya ja, karnuka su bi. Doki babu, sai tsohuwar motata. Muka je filin da aka girbe sha'ir, na ɗaura fatar a baya, Burul na gefena. Zagaye goma sha biyu muka yi, motar ta fara hayaƙi. Muka tsaya. Aktosh ya sha ruwa, ya girgije, ya hango zomo, ya bi.

Burul ta jingina kai da gilashi. "Ka gani? Har ƙarfe ya gaji."

Haka ta yi shekara guda. Kullum da sanyin safiya nakan ji ƙarar ƙofarta da sandarta a kan tsakuwa. Ta rame. Takan zauna a kan dutse ta sake shi, ta jira awa biyu, wani lokaci uku, sai ya ga dama ya dawo da ƙaya a kunne.

Da zafi ya shigo Kubat ya zo a kan dokin Sagin, zai hau da tumaki makiyayar tsauni. Ya dube ta, ya dubi karen, ya kira ta yadda ake kiran matar yaya.

"Jenge, ki ba ni shi. Yaya bai bar miki shi don ya kashe ki ba."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko kwanon abincin karen ta miƙa. Aktosh yana jin ƙamshin tsohon dokin ya bi shi, ko waiwaye bai yi ba.

Da kaka Kubat ya sauko ya ce karen ya zama na garke, gara a bar shi can. Ta ce to. Na tambaye ta ko tana kewarsa.

"Ina yi mana," ta ce, tana shafa kitsen tunkiya a gwiwa. "Amma kar ka faɗa wa Kubat, sai ya dawo min da shi."