An Zaɓa Mini Kimiyya Ina Tankaɗen Gari

A wancan lokacin ina aji uku na ƙaramar sakandare a Mabera. Ɗiyar mahauci ce ni, ta fari a ɗakinmu, ga surutu ga son ba da labari. Hausa da tarihi su ne darussana, kuma duk ranar da aka ba mu insha'i, nawa malam yake karanta wa aji.

Da muka gama jarrabawa sai ƙanen Baba, wanda ke aikin gwamnati, ya zo da zancen wata makarantar kwana ta kimiyya ta 'yan mata. Ya ce kaf zuri'armu babu likita, kuma yarinyar da ta tashi tana ganin fiɗa ai jini ba zai ba ta tsoro ba. Ina tsakar gida ina tankaɗe suka gama magana a zaure, babu wanda ya kira ni. Malaminmu na Hausa ya taka har rumfar Baba a kasuwa, ya roƙi a bar ni ɓangaren adabi. Baba ya saurare shi cikin mutunci, ya ƙulle masa tsoka a leda, ya ce masa labari ba ya warkar da majinyaci.

Ban yi kuka ba ranar da aka kai ni. Abin da aka ce in haddace na haddace, ban faɗi ba, ban kuma yi fice ba. Surutuna ya riƙa raguwa har ya ƙare, Inna kuwa tana ta yabona wai na yi hankali. Makina bai kai na likitanci ba, aka ce in tafi koyon aikin jinya, na tafi.

Yau ina aiki a wani asibiti. Ina ɗaura ruwa, ina yin allura, in tashi idan lokaci ya yi. Kwanaki wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana sa mini albarka, ni kuwa jira kawai nake ta sake ni in wuce gado na gaba. Baba ya rasu yana alfahari da ni. Ban taɓa faɗa masa komai ba, kuma ba na jin haushinsa, don alheri ya nufe ni da shi.

Abin da na gane shi ne, yaro na iya bin zaɓin da aka yi masa har ya ci nasara, alhali zuciyarsa ba ta bi shi ba. Iyaye, kafin ku kai ɗa makarantar da kuke so, ku zaunar da shi ku ji ta bakinsa. Idan ya yi shiru, kada ku ce ya yarda.