Ranar da aka kawo min Ba'indiye gidan kallo

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a Argungu, ni ne mai fassara fim ɗin Indiya a gidan kallon unguwarmu. Gaskiya ban jin Indiyanci ko kaɗan. Fuska nake karantawa in zuba nawa, mutane kuma suna ta kirana Malam.

Akwai wani abokina da wannan girman ya tsaya wa a wuya. Wata Juma'a bayan la'asar sai ga shi da wani Ba'indiye, injiniya a wani kamfanin shinkafa. Ya zaunar da shi kusa da ni, ya ce, "To, ga mai harshen munka kawo. Yau a san mi kaka hwaɗi muna."

Wallahi na ji kamar in shaƙe shi. Ana fara fim, jarumar na buɗe baki, abokin nawa ya zunguri baƙon: "Mi tac ce?"

Sai mutumin ya amsa da Hausa tsantsa: "Ni fa a Kaduna aka haife ni. Indiya sau ɗaya na je, kuma harshen gidanmu daban ne. Malam, taimaka mana."

Na samu kuɓuta, amma na jawo wa kaina aiki. Duk Juma'a sai ya zo, ya manne min, yana tambaya kamar ɗalibi. Me ya sa amarya ta ture tukunyar shinkafa da ƙafa? Me uwar ta ce wa ɗanta? Kai, na gaji! Ni Bakabe, ina shara wa Ba'indiye ƙarya a kan ƙasarsu, shi kuma yana share hawaye. Haushin kaina ya ishe ni, rannan na ja shi gefe na ce, "Bawan Allah, ka yafe ni, duk ƙirƙira nake."

Ya yi dariya. "Ai na sani. Ina karanta Turancin da ke fitowa a ƙasan hoton."

Raina ya ɓaci sosai. Na ce to wulaƙancin na mene ne, wata shida kana kallona ina zufa?

Ya ce, "Haka mahaifiyata take fassara mana muna yara, ita ma ba ta ji. Tun da ta rasu ban samu mai yi min irin nata ba."

Har yau in na tuna ina jin haushinsa, don ya rufe min baki. Juma'ar da ta biyo ni na riga shi zuwa, na kama masa wuri.