Balthasar Rennecke, Wanda Ya Aika Agogo a Madadin Ƙafarsa

Laifin da wannan tarihi zai bayyana shi ne yanke zumunci da hujjar ilimi. Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙaramin sani ƙunƙumi ne.

Haihuwa da Karatu

An haifi Balthasar Rennecke a shekarar 1691 a garinmu Osterwieck, mahaifinsa Henning maƙeri ne, mahaifiyarsa Gesche 'yar masu gasa burodi. Ya yi makarantar coci har ya cika shekara goma sha biyu, sannan a 1704 aka kai shi Goslar koyon ƙirar agogo, inda ya shekara bakwai. Daga nan ya fita yawon ƙarin sani kamar yadda ƙa'idar sana'a ta wajabta wa kowane mai koyo, har tafiya ta kai shi Halle a 1713.

A can ne ya riƙa gyaran agogo a gidan wani malamin jami'a mai suna Ziegenhorn, shi kuma malamin yana karanta masa ra'ayin wani babban masani na Hanover. Ra'ayin shi ne babu abin da ke faruwa ba dalili. Kowane rai tamkar ɗaki ne marar taga, ba abin da ke shiga, ba abin da ke fita. Abin da ya sa rayuka suke dacewa da juna kuwa, Ubangiji ne ya saita su tun fil azal, kamar agogo biyu da gwani ya ƙera suna bugawa tare ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa. An ce shi mai ra'ayin ya fi kowa yawan rubuta wa mutane wasiƙa. Wannan ɓangaren Balthasar bai ɗauko ba.

Aure da Sana'a

Ya dawo gida a 1716 ya buɗe shago kusa da kasuwa, a 1718 kuma ya auri Ottilie Brandes, 'yar wani majemi. Allah ya ba su 'ya'ya biyar, biyu suka rasu a goye, Jost da Sibylla da Kaspar suka rayu. Gaskiya ɗaya ce, a aiki ba a taɓa samunsa da algus ba, bai sha giya ya yi tangaɗi ba, bai ɗaga wa matarsa hannu ba. Sai dai ba ya zuwa gaisuwar mara lafiya, ba ya zaman makoki, hujjarsa ita ce ba mai iya shiga ɗakin ran wani. Mutanen kasuwa suka sa masa Ɗaki-ba-taga, mata masu sayar da kabeji kan ce masa ya leƙo ta bututun hayaƙi su gaisa.

Rabuwa da 'Ya'ya

Jost ya tafi Braunschweig a 1740, Sibylla ta auri wani masaƙi mai suna Tile Vogt a Wernigerode a 1742, Kaspar ya koma Halberstadt a 1746. Kowanne ya tashi tafiya, sai uban ya ba shi agogon bango ƙirar hannunsa, wanda ya saita da na shagonsa, da sharaɗin a riƙa wana shi amma kada a taɓa hannuwansa. Ya ce musu ba zai rubuta ba, ba kuma zai zo ba. Idan sha biyun rana ta buga kowa ya tsaya gaban agogonsa, a lokacin suna tare.

Ottilie ba ta yi musu ba. Sau huɗu a shekara takan ɗaure baƙin burodi da tsiran alade a ƙyalle ta zaga gidajen uku, wani wuri a amalanke, wani wuri a ƙasa. Mijin yakan ba ta agogon aljihunsa don ta gwada, kullum kuma ta dawo takan ce ta baro su daidai. Shi kuwa sai ya shiga gari yana shelar hujja ta tabbata.

Jinyar Sibylla

A watan Fabrairun 1751 Sibylla ta kwanta da ciwon ƙirji bayan haihuwarta ta uku, ta aiko mai amalanke sau biyu tana roƙon mahaifinta ya zo. Tsakanin garuruwan tafiyar yini guda ce. Ottilie ta tsaya a ƙofar shago da mayafinta.

"Maigida, yarinyar nan kai take kira, ba ni ba."

"In an ƙaddara za ta tashi, za ta tashi ina nan zaune. Ki ce mata sha biyu ina tare da ita."

"Agogo ba ya riƙe hannun mutum," in ji Ottilie, ta fita cikin ƙanƙara ita kaɗai.

Sibylla ta cika bayan kwana tara. Bai je jana'iza ba. Ya ce wa limamin coci duniyar da Ubangiji ya zaɓa ita ce mafi kyau cikin duk waɗanda za su yiwu, don haka kuka jayayya ce. Ottilie ba ta ƙara lafiya sosai ba, ta rasu a kakar 1753.

Tafiyarsa Ɗaya

A 1755 wani sabon limami ya ƙaryata shi a bainar jama'a, ya ce babu agogo biyu da za su shekara goma tare. Don ya kunyata limamin ne, ba don jikokinsa ba, Balthasar ya hau amalanke zuwa Wernigerode, zuwansa na farko cikin shekara goma sha uku. Ya shiga gidan surukinsa, bai zauna ba ya zaro agogon aljihu. Na bango ya yi baya da sa'a ɗaya da rabi. Ya tuhumi Tile da taɓa masa aiki.

"Baba, ba wanda ya taɓa, abin da ya jawo ke nan. Marigayiya Inna ce ke gyara shi duk zuwanta, ta hau kujera ta tura hannun da yatsa. Haka take yi a gidan Jost da na Kaspar."

Balthasar ya tambaya ko Sibylla ta tsaya a kan alkawarin sha biyu. Tile ya ce ta tsaya shekara tara ba fashi, amma a makon ƙarshe ta sa aka juya mata gado.

"Ta ce agogon ya ishe ta kallo, a fuskantar da ita ƙofa."

Tsohon ya dawo gida washegari, daga ranar bai sake ambaton ɗaki marar taga ba. Ya fara rubuta wa 'ya'yansa wasiƙu, amsa takan zo gajera, wani lokaci ba ta zuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Rasuwa

A watan Nuwamban 1759 ya kwanta ciwon ajali, ya sa limami ya aika wa Jost da Kaspar su zo. Kaspar ya ce aiki ya riƙe shi. Jost ya aiko da layi ɗaya, ba da izgili ba, don abin da aka koya masa ke nan: a gaya wa Baba sha biyu ina tare da shi.

Ya rasu ranar sha tara ga wata yana da shekara sittin da takwas, aka binne shi a maƙabartar coci gefen Ottilie. Makwabta huɗu suka ɗauki akwatin, limamin da ya ƙaryata shi ya yi addu'a. Ya bar 'ya'ya biyu, Jost da Kaspar, ba wanda ya tsaya a kabarinsa. Ya bar jikoki bakwai, uku ya gani sau ɗaya, huɗu bai taɓa gani ba. Ya rasa 'yar da ta kira shi sau biyu, da matar da ta shekara goma sha uku tana taka hanyar da ya kamata ya taka. Agogon shagonsa ya ci gaba da bugawa kwana shida bayan jana'iza, sannan ya tsaya, don babu mai wana shi.