Gonar Babana a Kwamfutar Wani Alhaji

Jama'a, yau na ga ƙarshen rashin kunya!

Ina zaune a shagona na gyaran kwamfuta a Tudun Wada, sai ga wani Alhaji da babbar riga, sai ƙamshi yake. Ya dire kwamfutarsa, ya ce, "Malam Nura, so nake duk sanda na buɗe sabon shafi a burauza, hoton gonata ya fito. Gobe masu rabon taki za su zo, in nuna musu."

Ya turo hoton. Na saka, na buɗe shafin.

Innalillahi! Gonar masarar babana ce ta Ɗansoshiya! Ga tsamiyarmu, ga Baba can baya a duƙe yana noma!

Na ce, "Alhaji, wancan tsohon fa?"

Ko a jikinsa! Ya ce, "Ɗan ƙwadagona ne. Goge shi ma, yana ɓata hoton."

Na zaro waya, na nuna masa hotona da Baba. Na ce, "To, ɗan ƙwadagon naka shi ya haife ni."

Wallahi ko cajarsa bai tsaya ɗauka ba! Duk wanda ya san shi ya gaya masa cajar tana hannun Baba, ya je gona ya karɓa.