Tartsatsin da Na Auna wa Baba

Tun da wani mai talla ya buɗe jakarsa a gindin mangwaron ƙofar gidanmu hankalina bai kwanta da shi ba. Bakinsa ya cika zaƙi, kuma in kana yi masa tambaya sai ya riƙa kallon takalminka. Hajarsa wani ɗan farin abu ne kamar biro. A ɗora maka a fata a danna, ya ce ƙas, ka ji kamar cinnaka ya cije ka. Wai wuta ce mai ƙarfin bolt dubu goma, tana tayar da jijiyar da ta mutu.

Baba yana da ciwon suga. Ƙafafunsa sun daina jin taɓi, ga wani ɗan gyambo a babban yatsa da ya ƙi warkewa saboda yini cikin ruwan shinkafa. Da aka danna masa abin a ƙauri sai ya zabura ya ce, "Allahu akbar, na ji!" Nan take ya saya. Bayan kwana uku na tarar da ƙwayoyinsa na asibiti a kan taga, ko taɓa su bai yi ba.

Ni sana'ata gyaran injin ban ruwa, daga Kura har Bunkure ana kawo min aiki, kuma ina da taurin kai. Abin da ko batir babu a cikinsa a ce bolt dubu goma? Haba! Na kwance shi, na ga ba komai ba ne illa ɗan ƙyastun nan da ke cikin laitar da matata ke kunna gas da ita. Raina ya ɓaci. Na ce wa Baba ƙarya aka shara masa, ƙarfinsa ko kusa bai kai haka ba.

"To Injiniya," in ji shi, "auna mu gani. In ƙarya ce, yau na koma shan ƙwayata."

Da la'asar na shimfiɗa kayan aikina a gabansa, abokansa biyu da suka taso daga gona suna zaune. Na jona mitata ta auna wuta a jikin abin, na danna shi sau ɗaya. Fuskarta ta ɗauke, har yau ba ta dawo ba. Tsofaffin suka dubi juna.

Ban haƙura ba. Na tuna abin da aka koya mana a makarantar koyon sana'a: kafin wuta ta tsallaka milimita ɗaya a iska, sai ta kai wajen bolt dubu uku. Na ɗauko tsohon fulogin inji, na haɗa shi da wayoyin abin, ina buɗa bakinsa ina auna tazarar da geji. Milimita ɗaya, shuɗin tartsatsi ya tsallake. Biyu, ya tsallake. Uku, gumi ya fara karyo min. Huɗu ma ya tsallake, sai a biyar ya gaza.

"Nawa ke nan?" Baba ya tambaya.

Wallahi na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Ya haura dubu goma."

Na shiga bayani, cewa ƙarfin yana nan amma wutar ba ta da yawa, kamar injin da zai feso ɗigo ɗaya da ƙarfi, ai ba ya jiƙa gona. Na ce balle ma ina ruwan tartsatsi da suga. Baba ya ɗaga min hannu.

"Kai ka ce ƙarya ce, kai ka auna, ta fito gaskiya. Me kuma ya rage?"

A nan na gane wautata. Na tsaya jayayya a kan lamba, alhali abin da ya kamata in ce tun farko shi ne ba ya magani.

Kafin a yanke shinkafar bana aka yanke masa yatsan a asibiti a Kano. Ina zaune a gefen gadonsa masu dubiya suka shigo, wani ya ga abin a aljihun Baba ya tambaya ko yana aiki kuwa. Baba ya dafa kafaɗata, fuskarsa cike da alfahari.

"Ƙwarai kuwa. Ɗana ne ya auna shi da hannunsa, injiniya ne."