Abin da Ƙasa Ba Ta Ci

Duk sanda na ji leda tana kaɗawa a reshen bishiya, sai akuyar kakata ta faɗo mini a rai.

A gabas da unguwarmu a Gazara akwai filin Idi, kewaye da ɗorawa da mangwaro. Da damina ciyawa takan rufe shi kore shar. Nan muke shan rake, nan awakin gari suke kiwo. Ba a share shi sai ana gobe salla, amma ba ka ganin datti. In ka fere rake, dattawa kan ce, "Yar da ɓawon, ƙasa za ta ci." Da gaskiyarsu. Alala ma a ganye ake ƙunsa ta, kafin a yi ruwa biyu komai ya zama taki.

Sai leda ta shigo gari. Hannunmu bai canja ba, yar da ita muke yi kamar ganye.

Akuyar kaka ja ce, daga tsatson wadda mahaifiyarta ta ba ta lokacin aurenta, kuma ita kaɗai ta rage. Kaka ba ta da haƙuri da mu, amma akuyar nan ko garin tuwo ta cinye mata, iyakarta ta ce, "Ja'ira!"

Wata damina akuyar ta daina tuƙa. Ciki ya kumbura, jiki yana ramewa. Aka ba ta kanwa, aka ba ta jiƙo, a banza. Ranar da ta kasa tashi, baffana ya yanka ta kada ta zama mushe. Da aka farke tumbin, sai ga leda curi guda, a murɗe.

Kaka ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe akwai abin da ƙasa ba ta ci."

Ba ta taɓa naman ba. Daga ranar, kullum da hantsi za ka gan ta a filin, a duƙe, tana tsintar leda. Mutane suka ce rikicin tsufa ne. Har yau maganar tana yi mini ciwo.

Bana a Gazara na yi Babbar Salla. A filin Idi, ledar ruwa ta kusa fin ciyawa yawa. Autana ya shanye nasa ruwan, ya ɗaga hannu zai yar, na riƙe hannun.

"Sa a aljihu."

"Don me, Baba?"

Na nuna masa wata jar akuya a gindin ɗorawa, tana taunar abin da ba ciyawa ba.