Hannun da Ke Bakin Kyarkeci

A Sharaɗa na tashi, a wani lungu bayan kamfanin robobi, inda ƙarar inji ba ta yankewa sai an ɗauke wuta. Kakata, Inna Yalwa, tana suyar awara a ƙofar gida saboda ma'aikatan da ke tashi da yamma. In ta sauke kasko bayan isha'i, sai mu kewaye ragowar garwashin ta yi mana tatsuniya. Ni ba mai magana ba ce. A bayanta nake zama, ina kallon hannuwan mutane.

Ina aji biyu a sakandare yayana Sani, mai aikin jima a Challawa, ya fara jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi. Ya daina zuwa aiki, ya daina cin abincin kowa sai wanda Inna ta miƙa masa. Baffa Habu, ƙanin mahaifinmu da ya riƙe mu tun rasuwarsa, ya ce wasan kwamfutar da Yaya ya aro wurin abokinsa ne ya buɗe wa aljanu ƙofa.

Ni na san wasan. Wata rana Yaya ya kira ni ɗakinsa ya sa mini iyafis a kunne. A allon, wani masunci mai taɓin hankali yana ratsa ƙasar ƙanƙara ta mutanen arewacin Turai, yana cin karo da gumakan kakanninsu. Sai raɗa ta taso mini daga kunnen dama, wata ta amsa daga hagu, ɗaya na cewa koma, ɗaya na dariya. Na fizge iyafis ɗin.

"Haka nake ji, Rabi," in ji shi. "Ke kin cire. Ni ba na iyawa."

Ya ce muryoyin sun riga wasan zuwa. Yana buga shi ne don ya ga wani ma ya san abin.

Ana nan rannan, Baffa ya shigo da buhu ya ajiye a zaure. Da buhun ya taɓa ƙasa na ji ƙarar ƙarfe. Sarƙa ce. Na kuma ji yana gaya wa Inna cewa da safe za a kai Yaya wurin wani mai magani da ke ɗaure masu irin ciwon, kuma ita za ta ce masa ya raka ta gaisuwa Zawaciki, tunda ita kaɗai ya yarda da ita.

Ina tsane mata awara na tattara ƙarfin halina, na raɗa mata abin da na ji a iyafis, da wani labari da Yaya ya nuna mini cikin wasan. Ta saurara idonta na kan mai. Abin da ta ce kawai shi ne gumakan arna ba za su shiga bakinta ba.

Da muka zauna, Baffa na kan benci yana jan carbi, tagar Yaya kuma a buɗe kaɗan. Inna ta ce ga ta nan, amma ta yau daga nesa ta zo. Muka ce ta zo mu ji ta.

Labarin wasan nan ne da na raɗa mata, amma ta mayar da gumakan mafarauta. Sun tsinci ɗan kyarkeci suka raine shi, amma da ya girma tsoro ya kama su, har mutum ɗaya ne kawai ke iya kai masa nama. Sai suka ce masa ya zo a yi wasa, a ɗaure shi a ga ƙarfinsa, sannan a kwance. Kyarkeci ya ce ya yarda, in wani zai sa hannu a bakinsa jingina. Kowa ya sunkuyar da kai. Mai ba shi nama ne ya miƙa nasa. Aka ɗaure, aka ƙi kwancewa, hannu ya tafi.

Carbin Baffa ya tsaya. Muka jira Inna ta rufe da ƙurunƙus, ta ƙi.

"Habu, hannuna kake so gobe."

"Inna, ku duba fa. In ya ji wa wani rauni, wa za a kama? Kuma yanzu tatsuniyar kafirai za ku kawo mini?"

"Angona ba dabba ba ne, shi ya sa abin ya fi muni. In na yi masa ƙarya, daga hannun wa zai ƙara cin tuwo?"

Baffa ya miƙe tsaye. Na ɗauka buhun zai ɗauko. Inna ta juya wajen tagar ta ɗaga murya, ta gaya wa Yaya duk abin da aka shirya, sarƙa da komai. Ta ce ita asibiti take so su je, in ya yarda, kuma duk inda aka zaunar da shi nan za ta shimfiɗa tabarmarta.

Garwashin ya kusa mutuwa kafin amsar Yaya ta fito ta tagar.

"Suna cewa kar in yarda da ke."

"Kai fa me ka ce?"

"Ki zo da ni."

Da safe Baffa da kansa ya tare musu adaidaita zuwa asibiti, fuskarsa a murtuke. Yaya bai warke sarai ba. Har yau yana shan magani, akwai watannin da ba ya fita. Sarƙar kuwa ta ƙare a ƙyauren zaure, ana kulle shi da ita.

Na daɗe ina zaton tatsuniyar a kan zaluncin masu ɗauri take. Sai da Inna ta rasu, kwanon Yaya ya dawo hannuna, na fahimci tsoron Baffa, don ni ma na ji shi. Akwai ranakun da ƙarya ƙarama za ta sauƙaƙa mini komai. A irinsu nakan dubi hannuna a kan kwanon, in gaya masa gaskiya, in jira.